Injin Busar da Kaya: Ba Kowane Yadi ne Ke Jure Zafi ba

Na saka rigar sanyina ta ulu a injin busar da kaya, ta fito ta tsuke, ko hannuna ba ya shiga. Akwai dabarar mayar da ita yadda take?

Ƙanwata, sai haƙuri. Idan ulu ya haɗu da damshi da zafi da jujjuyawa, zarensa sarƙewa yake yi ya dunƙule, kuma in ya kai haka ba ya warwarewa. Nan gaba ki shimfiɗa shi a kan tawul ya sha iska, kada ma ki rataye shi, nauyin ruwa zai ja shi. Ki kuma riƙa duba ɗan ƙyallen da ke wuyan riga ko gefenta. Za ki ga murabba'i da da'ira a cikinsa. Ɗigo ɗaya a tsakiya na nufin zafi kaɗan, wanda bai wuce digiri 60 na ma'aunin Celsius ba. Ɗigo biyu, zafin da aka saba, har zuwa digiri 80. In an soke alamar da layi biyu a gicciye, kayan ba na inji ba ne sam. Siliki da leshi da rigar mama galibi nan suke faɗawa.

Na zuba tawul da wandon jins da kayan motsa jiki gaba ɗaya, na murɗa zuwa zafi na ƙarshe. Tawul bai bushe ba, robar wando kuma ta saki. Jabu aka sayar min ko?

Malam, injin ba shi da laifi. Kai ka haɗa abin da ba ya haɗuwa. Zafi mai ƙarfi na auduga mai kauri ne: tawul, zanin gado, jins. Kayan poliyesta da rigunan zuwa aiki matsakaici suke so, domin tsarin yakan ƙare da iska mai sanyi don kada su yamutse. Duk abin da ke da roba ko yake miƙewa, zafi kaɗan ko iska zalla. Yawancin injinan yanzu suna da wasu ƙarafa biyu a cikin ganga, wato inda ake zuba kaya, masu jin damshi. In siraran kayan da suka riga suka bushe ne ke yawan taɓa su, sai injin ya ɗauka aiki ya ƙare, ya bar maka tawul a jiƙe. Ka raba lodi, kuma kada ganga ta wuce kashi biyu cikin uku. In naka mai wanki da busarwa ne a haɗe, karanta jikinsa: wanda ke wanke kilo 8 sau da yawa kilo 5 kawai yake iya busarwa.

Injina ya fara daɗewa kafin kaya su bushe, jikinsa yana zafi, har ɗan ƙauri nake ji. In ƙara masa lokaci?

Hajiya, kashe shi yanzu, ki zare shi daga soket. Kuma bari in tambaye ki: yaushe rabonki da ciro rariyar da ke bakin ƙofa? Na san amsar, domin kusan duk mai wannan ƙorafi amsarsa ɗaya ce. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa ya sayi inji, ya haddace maɓallai goma sha, amma aikin da ba ya cin minti ɗaya ya gagare shi. Burbushin zaren nan mai launin toka da ke taruwa a rariya shi ke toshe hanyar iska. Iska ta tsaya, zafi ya taru, kaya su ƙi bushewa, mita ta yi ta gudu, sai a ce a ƙara lokaci! Ga shi burbushin busasshe ne, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Ba tsoratarwa nake yi ba. A Birtaniya, kamfanin Whirlpool ya sanar a 2015 cewa wasu injinansa na Hotpoint da Indesit da Creda suna da matsalar da burbushi kan kai ga abin da ke samar da zafi ya kama wuta, kuma a 2019 aka janye waɗanda ba a gyara ba.

Saboda haka a share rariya bayan kowane lodi, da hannu, yana ɓarowa a dunƙule. In ana amfani da takardar laushin kaya da ake jefawa cikin inji, lokaci-lokaci a wanke rariyar da ruwan ɗumi da sabulu, domin takardar tana barin maiƙon da ido ba ya gani. Mai bututun fitar da iska ya duba ko ya lanƙwashe ko ya cushe. Tsumman da ya sha mai ko fetur kada ya shiga, ko da an wanke shi. Kuma don Allah a daina kunna inji a tafi barci ko a fita unguwa. Naki kuwa, tunda har ya kai ga ƙauri, sai mai gyara ya buɗe shi kafin ki sake kunnawa.

Sabon injina irin mai sake sarrafa zafinsa ne. Kayan jaririna suna fitowa da ɗumi-ɗumi kawai, kuma yana daɗewa. Hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki, 'yata, haka aka ƙera shi. Irin wannan yana aiki da zafi ƙasa da na sauran, wajen digiri 50, shi ya sa yake jan lokaci, amma wutar da yake ci ba ta kai tasu ba, kuma kayan jariri ba sa saurin tsukewa a ciki. Ki ciro riga ɗaya ki kaɗa ta, ki bari ta huce kafin ki yanke hukuncin ko ta bushe. Sau da yawa tururi ne kike ji a hannu. In kina son rage jira, ki bar injin wanki ya matse su sosai tukuna, ki kuma zubar da ruwan da ke taruwa a tankinsa.

Tabon mai bai fita ba bayan wanki. Zafi zai ɗauke shi?

A'a, ƙara kama shi zai yi. Sake wankewa.