Amsa kan gidajen Iskan na Jidda

Ɗan'uwa, ka tambayi asalin dogayen benayen Iskan (kalmar Larabci ce mai nufin gidajen zama) na titin Sittin a Jidda, da ko su dace da mai iyali.

Gwamnati ce ta gina su a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika Jidda da jama'a. Abin mamaki, sun daɗe babu kowa ciki, domin Saudawa sun fi son gida mai katangarsa. A 1990 aka sauke mutanen Kuwait da suka gudo daga yaƙi a ciki.

Ɗakunan da faɗi, amma ginin ya tsufa. Kada faɗin ya ruɗe ka, duba lifta da bututun ruwa tukuna. Kar ka ba dillali ko riyal ɗaya sai an rubuta yarjejeniya a Ejar, wato shafin intanet na gwamnatin Saudiyya da ake rajistar haya, ta ofishin haya mai lasisi.