Amsar tambayarki kan azumin abokiyar ɗakinki

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, na jinkirta ne don in samu natsuwar rubuta miki. Kin ce abokiyar ɗakinki a Delhi ta ce tana azumin kwana tara, amma ga ta da rana tsaka tana shan madara tana cin dankali. Kin kuma tambayi ko wace ce matar nan mai hannuwa da yawa a bisa zaki da ta ajiye hotonta kan tebur, da yadda za ki yi da gayyatar cin abincin da ta yi miki. Ni ma shekarata ta farko a Kalkata haka na yi ta mamaki, sai da wani dattijo maƙwabcina ya zaunar da ni.

Azumin na wani biki ne na mabiya addinin Hindu, sunansa Nabaratiri, wato dare tara. Yana faɗowa a watansu na Ashwin, tsakanin Satumba da Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Wadda kika gani a hoton Durga suke ce mata. A labarinsu, wani shaiɗani mai siffar ɓauna, Mahishasura, ya yi ta bauta har aka ce ya roƙi abin da yake so. Ya roƙi kada wani namiji ya iya kashe shi, mutum ne ko abin bauta. Mace kuwa bai ma sa ta a lissafi ba, don ya raina ta. Da ya addabi sama da ƙasa, sai ababen bautarsu suka haɗa ƙarfinsu wuri guda, Durga ta fito daga ciki. Shiba ya ba ta mashi mai baki uku, Bishnu ya ba ta faifan yaƙinsa, kowa ya miƙa makaminsa, shi ya sa hannuwan suka yi yawa. Suka gwabza, yana ta rikiɗa, yanzu zaki, an jima giwa, har ta taka shi ta kashe. Rana ta goma, Bijayadashami, ita ce ranar nasara. Labarin yana cikin wani littafinsu da aka rubuta da tsohon harshen Sanskirit, Debi Mahatmiya, mai baiti 700, wanda masu himma ke karantawa a kwanakin nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin dattijon nan. Ya ce ɓaunar tana cikin ƙirjin kowa: girman kai, haɗama, fushi. Ka kama ta a siffa ɗaya ta ɓullo a wata, kamar yadda mai girman kai ke iya koma wa taƙama da tawali'unsa. Shi ya sa, in ji shi, suke kiranta Uwa duk da takobin da ke hannunta, don uwa ce kan zama zakanya idan aka taɓa ɗanta. Ban karɓi aƙidarsa ba, shi ma ya sani, amma na gane cewa mutumin yana yaƙi da son zuciyarsa ne da gaske, kuma daga ranar ban ƙara yi wa abin kallon wasa ba.

To, azumin. Kada ki auna shi da mudun Ramadan. Nasu ƙaurace wa wasu nau'o'in abinci ne dare da rana har kwana tara. Ba alkama, ba shinkafa, ba nama, ba ƙwai, ba giya. Albasa da tafarnuwa ma an bar su, don a ganinsu suna motsa sha'awa su dusashe tunani. Gishirin yau da kullum sai a canza shi da gishirin dutse. Abin da ya rage shi ne madara, 'ya'yan itatuwa, dankali, gyaɗa, da wasu ƙwayoyi farare da suke kira sabudana. Ki duba su da kyau, rogo ne aka sarrafa, ɗan'uwan garin kwakinmu. Wasu sau ɗaya suke ci a yini, wasu ranar farko da ta ƙarshe kawai suke yi, akwai kuma masu tsanantawa da ruwa kaɗai. Saboda haka yarinyar nan ba ta yi miki ƙarya ba. Mutum ya yi kwana tara babu abincin da ya saba, alhali ana soya albasa a ɗakin kusa, ai ya ji a jikinsa.

Indiya faɗi gare ta, kowane yanki da salonsa. A Gujarat rawar garba ake kwana yi. A arewa inda kike, a rana ta goma ana ƙona manyan mutum-mutumin Rabana, wani mugun sarki a wani labarin nasu daban. Mu a Kalkata kuwa biki ne na ci da sha, har da kifi da nama. Can suna ɗaukar Durga a matsayin 'yar gida da ta zo ganin gida da 'ya'yanta huɗu. Masu ginin unguwar Kumartuli kan shafe watanni suna ƙera siffarta da gora da ciyawa da laka, a kafa rumfuna a kowace unguwa, a yi ta kaɗa ganguna. Ranar ƙarshe a ɗauke ta a kai kogin Hugli a nutsar, matan aure suna shafa wa juna jan gari, wasu suna hawaye kamar ranar kai amarya. A 2021 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin na Kalkata cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Gayyatar da ta yi miki, ina jin ta rana ta takwas ce ko ta tara. A ranar suna tara ƙananan 'yan mata, galibi tara, su wanke musu ƙafa, su ba su soyayyen burodin da suke kira puri, da wake da alewa, don suna ganin Durga a cikinsu. Abincin da aka fara ajiyewa gaban gunki, wanda suke kira parasad, ni ban taɓa ci ba, kuma ba na so ki ci. Na kan ce addinina bai yarje mini ba, cikin fara'a, sai su zubo mini daga tukunyar kicin. Ba wanda ya taɓa riƙe ni da wannan. Lokacin bautar ki koma gefe, kada ki rusuna, kada a ɗiga miki jan abu a goshi. Kada kuma bakinki ya furta izgili, ko a gabanta ko a bayanta. Ki duba Suratul An'am aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa.

A sauran kwanakin nan ki ware tukunyarki da cokalinki, kada ki dafa nama a nata. Kilishin da mahaifiyarki ta aiko miki ki rufe shi a akwati har rana ta goma ta wuce. Ki gaishe ta, ki kuma kira gwaggonki ranar Juma'a, tana ta cigiyarki.

Kawunki