'Yan zuhudun Sistashiyan ba su ɓalle daga Katolika ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan Sistashiyan sun ɓalle ne daga cocin Katolika kamar yadda Furotesta suka yi daga baya. A'a, suna ƙarƙashin Paparoma tun farko har yau. Gyara suka zo yi daga ciki. A 1098 Robat, shugaban gidan zuhudu na Molem, ya fita da wajen mutum 20 suka tare a Sito, wani daji mai fadama kusa da Dijon a Faransa, don suna ganin gidajen zuhudu irin na Kuluni, wani babban gidan zuhudu a Faransa, sun yi nisa da dokar Benedikt, wato tsohuwar ƙa'idar rayuwar 'yan zuhudu, dukiya ta yi yawa, aikin hannu ya ragu. Sai suka koma gona da kansu, suka sa rigar ulu marar rini, suka tsiraita coci daga ado. Zuwan Barnad, ɗan zuhudun da ya kafa gidansu na Kilebo a 1115, shi ya yaɗa su. Kafin ya rasu a 1153 gidajensu sun haura 300.

Amma kada ka ɗauka talaucin ya dore. Na taɓa shiga kufan gidansu na Fawuntins a arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1132. Rumbun ajiyarsu kawai, doguwar rumfar dutse mai baka-baka, sai da na tsaya ina kallo. Kiwon tumaki da cinikin ulu ne suka gina shi, kuma yawancin wahalar 'yan zuhudu masu aikin ƙarfi marasa karatu ne suka sha, waɗanda ko wurin zamansu a coci daban yake.