Wa ke sa ido idan na'ura ta lalace a injin nukiliya?

Malam, ka yi tambaya daga Gombe kan wanda ke sa ido idan wata na'ura ta samu matsala a injin nukiliya na bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Alhakin hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya (NNRA) ne, wadda dokar 1995 ta kafa. Injin ƙarami ne, kimanin kilowat 30 kacal, amma a wannan fanni ba a raina ƙaramar matsala. A tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, a 1979, bawul guda, wato marufin bututu, ne ya maƙale a buɗe, fitilar allon kulawa kuwa umarnin rufewa kawai take nunawa, sai ma'aikata suka ɗauka ya rufu, alhali ruwan sanyaya injin yana ta zurarewa fiye da awa biyu.