Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi: mutum ya sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da hannunsa, ya danna maɓalli, fanka ta tashi, fitilu sun kama, amma monita ta ƙi nuna komai.

Na farko wani ɗalibi ne daga Zariya. Ya ce wata bakwai yana tara kuɗi, ya haɗa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-12400F da katin hoto (mai aika hoto zuwa monita) GTX 1660, kuma tun daren da ya kunna ta bai yi barcin kirki ba, don yana tsoron ya ƙona wani abu.

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Kayan nan sun fi yadda kake zato juriya, kuma mafi yawan irin wannan matsalar ba ta cin ko kwabo. Fara leƙa bayan akwatin. Ina ka soka wayar HDMI? In a ramin da ke sama kusa da ramukan USB ne, to a jikin madabod ka sa ta, wato babban farantin da sauran kayan ke hawa kansa, kuma can ba za ka taɓa samun hoto ba. Harafin F da ke ƙarshen sunan furosesarka yana nufin Intel ba ta bar mata sashen fitar da hoto ba. Sauko da wayar ƙasa, ka sa ta a jikin katin hoton, ka kuma tabbatar monitar tana kan HDMI ba VGA ba.

In har yanzu shiru, cire wuta daga bango ka koma kan RAM, wato siraran sandunan ma'adanar wucin gadi da ake sokawa a madabod. Sababbin masu haɗawa suna jin tsoron dannawa, sai su bar ta rabi a ciki rabi a waje. Danna ta har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe. Gwada da guda ɗaya tukuna, a rami na biyu in ka ƙirga daga wajen furosesa. Sannan duba wayoyin wuta: babbar mai fil 24, da mai fil 8 da ke saman madabod ta hagu, wadda ake yawan mantawa da ita saboda ta ɓuya a lungu, da kuma ta katin hoton kansa. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU (furosesa), DRAM (RAM), VGA (katin hoto) da BOOT (faifan da ake tashi daga gare shi). Wadda ta tsaya a kunne, ita ke nuna maka inda aka maƙale. Ka sake rubuto mini, ina son in ji yadda aka ƙare.

Wani daga Gusau yana tambaya ko ƙwayar cuta ce ta kama tasa, ko ya sake loda Windows.

Malam, a allon da ba ya nuna ko tambarin kamfani, da wane ido za ka loda? Kwamfutar ba ta ma kai ga duba faifan da Windows yake ciki ba. Karanta amsar da ke sama.

Wani kuma daga Maraɗi ya haɗa furosesa Ryzen 5 5600 da madabod B450 da ya saya na hannu. Wannan kam ina zargin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. B450 ta fito a 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020, don haka tsohuwar BIOS ba ta san wannan furosesa ba. In madabod ɗin tana da maɓallin sabunta BIOS a bayanta, filasha kawai kake buƙata. In babu, kai wa mai gyara ya ɗora tsohuwar Ryzen ya sabunta maka. Kada ka yi wannan aiki da wutar da ba ka amince da ita ba, don in ta ɗauke ana tsaka da shi, kuka zai ƙaru. Ka kuma sani 5600 ba ta fitar da hoto da kanta. Mai G a ƙarshe, wato 5600G, ita ke yi.

Yanzu ga wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani mai shagon zane da buga katin biki a Kano ya ce tasa ta yi wata biyu tana aiki lafiya. Ranar nan aka kawo wuta da ƙarfi, ta mutu, da ya sake kunnawa sai fanka kawai. Ya lissafo mini kayansa tsaf da sunayensu, da ya zo kan fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan wuta, sai ya ce "wata ce mai 800W, mai shago ya ƙara mini ita da araha."

Alhaji, ai a nan gizo ke saƙar. Na rasa gane wannan hali namu. Mutum zai yi sati yana ciniki kan furosesa, ya biya kuɗin fitilu masu launi bakwai ba tare da ya ce uffan ba, amma abin da zai shayar da duk kayan nan wuta sai ya ce a ba shi ko wanne. A ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, yau ta yi ƙasa gobe ta yi sama, jibi a koma janareta! Lambar 800W da ke jikin kwalin, kowa na iya buga ta a takarda ya manna. Kai da kake sana'ar bugu ka fi ni sani. Ɗaga ta ka ji nauyinta. In ta yi sakayau kamar gwangwanin madara, an rage kayan cikinta, kuma abin da ake fara ragewa shi ne kariyar da ke kashe ta idan wuta ta yi yawa. Mai kyau takan mutu ita kaɗai. Ta bogi kuwa takan ja madabod ko katin hoto su tafi tare. Araha ba ta ado, kuma da yadda dala take yanzu, ka san abin da sauya katin hoto zai ci maka.

Tunda an taɓo jabu, bari in ƙara. Akwai katunan da ake sayarwa da sunan GTX 1050 Ti alhali tsofaffin GTS 450 ne na 2010, an sauya musu suna a cikin BIOS ɗinsu. In ka ga ramin VGA mai shuɗi a jikin wanda aka ce maka 1050 Ti ne, ajiye shi ka kama hanya. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma takan tona asirin irin waɗannan. Ko a titin Beirut na Kano kake saye ko a Computer Village ta Ikeja, kada ka biya sai an kunna a gabanka, kuma a rubuta maka lambar kayan a rasit tare da kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Abin da za ka yi yanzu: ari fawa saflai mai kyau ka gwada. In ta kawo hoto, ka gode wa Allah, ka sayi mai sunan da aka sani irin su Corsair ko Seasonic, ka haɗa da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) ko aƙalla sitabilaiza. In irin wadda ake iya cire wayoyinta ce, kada ka yi amfani da wayoyin tsohuwar a jikin sabuwar ko da sun shiga daidai, domin tsarin filolinsu ba ɗaya ba ne. Kuma don Allah kada ka kwance tsohuwar don ganin me ya ƙone. Tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare ta daga bango.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Kaduna ta ce ɗanta ya haɗa sabuwa mai RAM samfurin DDR5, allon ya yi duhu kusan minti biyu, yana shirin kashewa sai ga hoto, amma gabanta na faɗuwa ko kayan ne ba su da kyau. Hajiya, ba komai. A kunnawar farko madabod tana gwada RAM ɗin don daidaita gudunta, kuma DDR5 takan ɗauki 'yan mintuna, musamman a kan sababbin Ryzen. Ki ce masa in ya sake taɓa RAM ko ya cire batirin madabod, zai iya ganin haka kuma, ya ba ta minti biyar kafin ya kai hannu kan maɓalli.