Amsa kan rikicewar bugun zuciyar Hajiya bayan aikin bawul

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka ce sati uku ke nan da canza mata bawul ɗin zuciya, yanzu bugun ya rikice, wani lokaci ya yi gudu har ta ji shi a maƙogwaro, kuna fargabar ko aikin ne bai yi ba. Ni ba likita ba ne, amma bawul na ƙarfe ne a ƙirjina shekaru da dama, kuma abin nan ya same ni.

Ku kwantar da hankali tukuna. Rikicewar bugu ba ta nufin bawul ya lalace. Wadda ta fi yawa ita ce likitoci ke kira AF, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon su matse yadda ya kamata. Cikin mutum goma da aka yi wa aikin bawul, uku zuwa biyar kan gamu da ita, galibi a kwana na 2 zuwa na 4, wasu kuma sai sun koma gida. Zuciya ce aka taɓa, ta kumbura. Da yawa takan lafa cikin sati 6 zuwa 8. Amma wanda ya daɗe da ciwon bawul ɗin mitral, wato na tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun zuciya, irin namu da ya samo asali daga ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba, ɗakin hagu ya riga ya buɗe, tasa kan iya zama. Tawa ta zauna, kuma ga ni ina harkokina da magani.

Abin da zan matsa maka a kai shi ne a yi mata gwajin ECG, wato awon lantarkin bugun zuciya, a lokacin da abin ke faruwa. Ni nakan ji nawa da dare, ƙarar bawul ɗin da ke tafiya ƙyas-ƙyas kamar agogo sai ta sarƙe, ta yi uku a jere, ta yi shiru, ta dawo. Da safe a asibiti kuwa takarda ta fito lafiya lau. Sai da aka ɗaura min na'urar Holter ta kwana a jikina awa 24 sannan aka kama shi. Ku nemi a yi mata wannan, a haɗa da hoton zuciya don a ga ko ruwa ya taru a kewayenta, a kuma auna gishirin jini, musamman fotashiyam, domin Lasix, maganin rage ruwan jiki, na zubar da shi ta fitsari.

Akwai wani nau'in da ya fi ba ni tsoro, wato bugu ya yi ƙasa sosai. Hanyar lantarkin zuciya ta bi ta gefen bawul ne, ɗinki ko kumburi na iya danne ta. Wasu tana warwarewa, wasu sai an sa musu batirin zuciya. Don haka ka koyi ƙirga bugunta: yatsu biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur, safe da yamma, ka rubuta a littafi. Kada ka dogara da injin awon hawan jini, yakan ruɗe idan bugun ba tsari. In ya sauka ƙasa da 50 tana jiri, ko ya haura 120 tana kwance bai sauka ba, ku tafi asibiti. Suma, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko harɗewar magana, waɗannan ba a jiran gari ya waye. Zazzaɓi ma kada a ce maleriya ce kawai a wuce kemis, ƙwayar cuta na iya kama sabon bawul.

Sai batun warfarin, maganin hana jini daskarewa, wanda nan ne mutanenmu ke tuntuɓe. AF na sa jini ya daskare a zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In bawul ɗinta na ƙarfe ne, warfarin har ƙarshen rayuwa ne, kuma sababbin magungunan irin su rivaroxaban ba sa maye gurbinsa, ko wa ya ba ku shawara. Na mitral yawanci ana son INR, wato awon da ke nuna yadda warfarin ya tsinka jini, tsakanin 2.5 da 3.5, amma likitanta ne zai faɗi nata. Idan aka ƙara mata amiodarone don daidaita bugun, yana ƙara wa warfarin ƙarfi, dole a yawaita gwajin INR. Haka Flagyl da Septrin. Diclofenac kuwa a nisanta shi da ita.

'Yan dubiya za su zo da jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya, ku karɓa ku gode ku ajiye. Zogale da alayyafo ba a hana ta ba, sai dai kada ta cika kwano yau ta yi sati ba ta ci ba, domin hakan na rikita aikin warfarin. Goro da shayi mai kauri ni suna tayar min da bugun, ku lura ko ita ma haka ne. Azumi kuma ta bari sai likita ya ba ta izini.

In magani bai daidaita shi ba, akwai girgiza zuciya da lantarki bayan an sa mutum barci na 'yan mintuna. Wane irin bawul aka sa mata, kuma waɗanne magunguna take sha yanzu?