Tambaya da Amsa: Idan Kwamfutar Jirgin Yaƙi Ta Ɗauke a Tsakiyar Teku Fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban jirgin inji ne a Yawuri, ina ɗaukar fasinja da buhunan albasa a kogin Neja. Ɗana ya shiga sojan ruwa, yana Legas. Da ya zo hutun salla ya ce mini manyan jiragen yaƙi na yanzu kwamfuta ce ke kula da inji da tuƙi, mutum allo kawai yake dubawa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Idan ta ɗauke a tsakiyar teku fa? Daga wani uba, Yawuri, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron gaskiya ya faɗa, kai ma fargabarka tana da tushe, don abin ya taɓa faruwa. A watan Satumba na 1997 jirgin yaƙin Amurka USS Yorktown, wanda aka zaɓa don gwada miƙa wa kwamfuta ayyukan jirgi, ya tsaya cik a ruwan jihar Bajiniya sama da awa biyu. Wani ma'aikaci ne ya shigar da sifili a inda bai dace ba, manhajar ta rikice, kwamfutocin suka bi juna suka mutu, inji ya bi su. An yi sa'a ba lokacin yaƙi ba ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani jirgin yaƙin Amurka, USS John S. McCain, da asubar 21 ga Agusta 2017, kusa da Singafo, inda jiragen kasuwa ke cunkoso. Kwamanda ya ga mai tuƙi yana fama da sitiyari da kula da gudun jirgi lokaci guda, sai ya ce a raba aikin tsakanin mutum biyu. Garin latsa allo aka mayar da aikin sitiyari zuwa wani teburi ba tare da an lura ba. Mai tuƙi yana juyawa jirgi ba ya amsawa, aka ɗauka sitiyari ya mutu. Aka ce a rage gudu, sai farfela ɗaya ta rage, ɗayar ta ci gaba da gudunta. Kai direba ne, ka san abin da zai biyo baya: jirgi ya karkata hagu, ya gifta gaban tankar mai Alnic MC. Sojoji 10 suka rasu a ɗakunan kwanansu da ruwa ya cika. Na'urar nan lafiyarta ƙalau, ta yi abin da aka latsa mata. Mutanen ne ba su samu horon da ya isa ba, ga gajiya, ga allo mai wuyar ganewa. A 2019 rundunar sojan ruwan Amurka ta sanar za ta mayar da abin ƙara gudu na hannu a irin waɗannan jirage.

To me ya kai su ga miƙa wa kwamfuta aiki? Tsadar mutum. Kowane soja sai an ciyar da shi, an ba shi gado da albashi. Jirgin yaƙin Amurka Zumwalt da ya fara aiki a 2016 mutum wajen 150 aka tsara su tafiyar da shi, alhali takwarorinsa da ba su kai shi girma ba suna ɗaukar kusan 300. Kwamfuta kuma tana da rana: ba ta gyangyaɗi, tana jin zafin inji ko hayaƙi kafin hancin mutum ya ji. Amma ranar da gobara ta tashi ko jirgi ya huje, hannaye ake nema masu riƙe tiyo, masu toshe ɓaraka da katako, masu jan famfo. A nan nake ganin an yi gaggawar rage mutane. Ku da kuka sa inji a jiragenku ai ba ku jefar da filafili ba.

Namu na gida damuwata a kansu gyara ce, fiye da ɗaukewar kwamfuta. NNS Aradu ƙirar Jamus ne, Thunder tsohon jirgin Amurka ne, Centenary da Unity daga Sin suka zo, Kada kuma kamfanin Damen na Holan ya ƙera shi. Kowanne da nasa kayan gyara da nasa masana, ga gishirin teku da zafin ƙasarmu suna cin kayan lantarki. Ko Ingila sai da jiragenta samfurin Type 45 suka riƙa rasa wuta a ruwan Tekun Fasha mai ɗumi, har ta kai ga ƙara musu janareta.

Jiragen yaƙi suna da wurin tuƙin gaggawa can baya, kusa da abin juya jirgin, inda ake karɓar tuƙi idan na sama ya ƙi. Idan yaron ya sake kira, tambaye shi ko ya san hanyar wurin cikin duhu, da kuma yaushe rabon su da atisayen kashe gobara. Allah ya tsare shi, ya tsare ku a kan kogi.